Suwic ba ya tambayar shaida

Na ci jarrabawar kwas ɗin sadarwar kwamfuta da maki mai kyau, amma har ranar da na fara zaman koyon aiki na wata shida, wanda ɗalibai ke ce wa IT, ban taɓa matse kan waya da hannuna ba. Hawa bakwai na tsarin OSI kuwa, wato matakan da littafi ya kasa aikin sadarwa a kansu, na haddace su kamar karatun allo, ko daga barci ka tashe ni sai na jero maka su. Wata cibiyar koyar da kwamfuta aka tura ni a Kano, azuzuwa uku a ƙasa, ofisoshi a sama. Wanda aka damƙa ni a hannunsa kowa Injiniya yake ce masa, ni kuma Oga. Ranar farko bai tambaye ni ko kalma ɗaya daga littafi ba. Filaya ya miƙo mini da guntun kebul, ya ce, "Ɗan makaranta, siraran wayoyi takwas ne a ciki, kowace da mazauninta. Jera su ka matse." Kawuna shida na ɓata kafin na'urar gwaji ta kunna fitilunta takwas a jere.

A wata na biyu, wata Litinin da safe, komai ya tsaya cak. Ba intanet, firinta ba ta amsawa, kwamfutocin aji ba sa ganin babbar kwamfutar da ake ajiye darussa a cikinta. Oga ya fita banki, ni kaɗai ne. Abin da na fara yi shi ne kiran kamfanin da ke ba mu intanet, na zazzage musu faɗa. Suka ce nasu layin lafiya lau. Sai na yanke hukunci cewa masu kutse ne suka shigo, har na hau sama na gaya wa manaja haka, da muryar wanda ya san abin da yake yi.

Da Oga ya dawo bai taɓa kwamfuta ba. Gaban babban suwic ya tsaya, akwatin da duk wayoyin ginin ke haɗuwa a jikinsa, ya zuba wa fitilun ido. Duk tare suke ƙiftawa, ba numfashi.

"Tun yaushe suke haka?"

"Ban lura ba, Oga."

"To da me ka lura?"

Ya fara zare wayoyin da ke zuwa azuzuwa ɗaya bayan ɗaya. Yana zare ta uku fitilun suka lafa. Muka shiga ajin, a ƙarƙashin wani tebur muka tarar da ƙaramin suwic mai kafa takwas, wato ramukan jona waya, da wata waya wadda kawunanta biyu duk a jikinsa suke. Baba mai shara ne ya ga kai ɗaya yana yawo a ƙasa, ya zaci tsintsiyarsa ce ta fizge shi, sai ya ga kafa babu kowa ya mayar. "Injiniya, gudun kar a ce ni na ɓata muku aiki ne," in ji shi. Oga ya ce, "Ba komai Baba, mu ne muka bar ta a ƙasa."

Da yamma, bayan kowa ya watse, ya zana mini abin da ya faru a bayan wata tsohuwar rasit. Suwic ba ya zuwa duniya da sanin kowa. Kowane katin sadarwa yana da lambarsa da ake kira adireshin MAC, tsawonsa bayit shida (bayit ma'aunin bayanai ne, kamar gurbin harafi ɗaya). Duk saƙon da ya shigo, suwic yakan duba lambar mai aikowa ya rubuta a littafinsa: wane yana kafa ta huɗu. In saƙo ya zo wa wanda bai sani ba, ko kuma saƙon na shela ne, na kowa da kowa, sai ya watsa shi ta dukkan kafofi ban da wadda ya shigo ta cikinta. To wayar Baba ta sa shelar da ta fita ta kafa ta biyu tana dawowa ta kafa ta bakwai, suwic ya karɓe ta a matsayin sabuwa ya sake watsawa, har ta haura zuwa babban suwic ta cika ginin. A matakin IP, wato tsarin adireshin intanet, akwai wani lissafi da ake rage wa ɗaya duk lokacin da fakiti, wato gunduwar saƙo, ya ratsa rauta, akwatin da ke haɗa sadarwar wani wuri da ta wani, in ya kai sifili a jefar da shi. A matakin suwic babu wannan. Shela ɗaya za ta yi ta zagaye har sai an zare waya ko an ɗauke wuta, kuma kowace daƙiƙa wasu na ƙaruwa a kanta.

Na san maganin a takarda. Radia Perlman ta ƙirƙiro tsarin da ake kira STP a 1985, wanda suwic-suwic ke magana da juna su gano hanyar da ta yi zobe su toshe kafa ɗaya. Na rubuta shi a jarrabawa na ci. Abin da ba a gaya mana ba shi ne ƙaramin suwic mai araha da ake saya a kanti sau da yawa bai san wannan yaren ba, kuma shi ne ya cika ofisoshinmu.

Daga ranar na koma littattafaina na aji biyu ina karanta su kamar ban taɓa buɗe su ba. Hanyoyin isar da saƙo guda uku da muka haddace, a tashar mota na fahimce su. Tsohon tarho na waya, irin na zamanin NITEL, shata ce. Kana bugawa za a ware maka layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, naka ne kai kaɗai har ka ajiye, ko magana kake ko shiru. Motar shata ba ta ɓata lokaci a hanya, amma kujerun da babu kowa ma kai za ka biya, kuma in layukan sun ƙare na baya sai dai ya ji ƙarar nan mai cewa a sake gwadawa. Tangaraho kuwa saƙo ne da ake miƙa wa gidan waya dungurungum, wannan ofishi ya riƙe shi har layi ya samu, ya tura wa na gaba. Ta ukun ita ce intanet ke tsaye a kanta: a yanka saƙon gunduwa-gunduwa, a rubuta wa kowace adireshi da lamba, a sa kowace a motar da ta fara tashi. Wata ta bi ta Zariya, wata ta Jos, can a haɗa su bisa lamba, wadda ta ɓace a ce a sake aiko ta. Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila, kowa daban, su suka kawo wannan tunani a shekarun 1960. Davies ne ya raɗa wa gunduwar suna, kuma kalmar da ya zaɓa ita ce dai wadda muka ara muke cewa fakitin sukari.

Inda na fi daɗewa shi ne yadda suwic kansa ke miƙa fakiti, don a nan na fara hango matsalar. Akwai mai gaggawa, wanda da ya karanta adireshin wanda za a kai wa, bayit shidan farko, sai ya fara turawa tun sauran saƙon bai gama shigowa ba. Ɗan kamasho ne da ya ga suna a bakin buhu ya cilla shi mota. Akwai na tsaka-tsaki, mai jiran bayit 64 na farko, saboda a tsohon tsarin Ethernet, na haɗa kwamfutoci da waya, saƙon da ya yi karo da wani yakan gutsure kafin ya kai hakan. Sai mai haƙuri, wanda ke karɓar fakitin gaba ɗaya, ko da ya kai bayit 1518, ya yi lissafi ya gwada da bayit huɗun ƙarshe, in bai yi daidai ba ya zubar. Yawancin waɗanda muke aiki da su a ofis irin na ƙarshen ne. Na ce wa Oga ai wannan shi ne mai tsaro. Ya yi dariya ya ce, "Yana duba ko buhun ya yage a hanya. Ya taɓa tambayar ko na sata ne?"

Tambayar nan ta bi ni har ƙarshen zamana, domin duk inda na leƙa sai in ga haka abin yake. Kwamfuta in tana neman wata, shela take yi da tsarin ARP: wa ke da adireshin IP kaza? Duk wanda ya ce ni ne, ta yarda, ba shaida ba rantsuwa. Wanda ya zauna a aji da kwamfutarsa zai iya cewa shi ne ƙofar fita intanet, saƙonnin mutane su riƙa bi ta hannunsa. Ba wauta ce ta sa aka gina shi haka ba. ARPANET, kakar intanet, da ta fara aiki a 1969 wurare huɗu ta haɗa, jami'o'i uku da cibiyar bincike ɗaya, kuma ARP ɗin ma tun 1982 aka rubuta shi, lokacin da masu amfani da layin kusan duk sun san juna. Tsari ne na tsakar gida, inda ba a tambayar wanda ya ɗauki buta. Mu ne muka wayi gari da tsakar gidan ta zama kasuwa.

Ba a yi wata guda ba na gani da idona. Rabin kwamfutocin sama suka daina shiga intanet, rabi lafiya. Wannan karon ban kira kowa na yi wa faɗa ba. Na duba adireshin IP na masu matsalar, na ga ba daga jerin namu suke ba. Wani ma'aikaci ne, mutumin kirki, siginar waya ba ta kai ofishinsa, ya kawo rautarsa ta gida ya jona a bango. Ita kuma rauta aikinta ta kama yi, tana raba adireshi ga duk wanda ya nema. Kwamfuta in an kunna ta takan yi shelar neman adireshi, kuma galibi tayin da ya fara iso mata take karɓa. Katangar tsaron da cibiyar ta kashe kuɗi a kanta, na'urar da ke tace abin da ke shigowa daga intanet, tana can zaure tana gadin baƙi, ba ta ma san abin da ake ciki ba. Na ce masa, "Yallaɓai, a yi haƙuri, wannan akwatin ne ke raba mana gari biyu." Ya ce ai shi taimako ya yi. Kuma gaskiyarsa, kamar yadda Baba ma taimako ya yi.

Ba ina cewa babu ɓarayi ba ne. Akwai su, sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin ginin, da na gwada shiga, sunan "admin" ne kalmar sirrin ma "admin", yadda ta fito daga kwali. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta yawo a intanet tana gwada irin waɗannan kalmomi na masana'anta, wajen sittin kawai, a kan kyamarori da rautoci. Ta tara dubun dubatar na'urori, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba aka danne kamfanin Dyn, mai nuna wa kwamfutoci adireshin shafukan intanet, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin jama'a a Amurka. Masu kyamarorin ba su ma san an yi yaƙi da kayansu ba. Wata muguwar manhajar, WannaCry, da ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 ta wata ɓaraka ta shiga wadda Microsoft ta fitar da facinta tun watan Maris. Na tuna kwamfutocin ajinmu da aka kashe musu sabuntawa don kar su cinye data, na yi shiru.

Wanda ya fi ba ni mamaki na gida ne. Ina zaton wannan saurin yarda na ƙananan akwatuna ne, manya sun wuce nan. Ashe manyan kamfanonin sadarwa ma da shela suke sanar da juna hanya, ta tsarin BGP: in kana neman adireshi kaza, biyo ta wurina. A watan Nuwamban 2018 kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskuren saiti, ya shelanta hanyoyin zuwa wasu adireshin Google. Wani babban kamfani a Sin ya karɓa bai tace ba ya miƙa gaba, saƙonnin mutane masu neman Google suka riƙa bi ta Rasha da Sin suna maƙalewa, sama da awa guda. Kamfanin ya fito ya ce kuskure ne, ya gyara. Da na karanta labarin, wayar ƙarƙashin tebur ce ta faɗo mini a rai.

Sauran watannin a kan rage wannan yarda muka yi su, gwargwadon abin da babban suwic ɗin ke iyawa. Muka rufe duk kafar da ba a amfani da ita. Muka gaya masa kafa ɗaya tak ce ke da izinin raba adireshi, tayin da ya fito daga wata ya zubar. Muka raba ɗalibai da ofishin kuɗi zuwa rukuni daban-daban da VLAN, tsarin da ke kasa suwic ɗaya gida-gida, yadda shelar aji ba ta isa sama, kyamarori ma muka ware musu nasu muka canja kalmar sirri. Ba wanda ya yaba, hasali ma ƙorafi muka sha, don yanzu mutum ba ya jona kwamfutarsa inda ya ga dama sai ya sauko ya nemi a buɗe masa. Na taɓa ganin wannan takura ce kawai. Yanzu ina ganin rabin aikin ke nan, kuma rabin da ya fi wuya, tunda da mutane ake yin sa.

Ƙananan suwic na azuzuwa kuwa ba a iya gaya musu komai. Oga ya rubuta takardar neman a sayo masu STP, har na gama IT tana kan teburin akanta. Abin da aljihunmu ya iya shi ne salatif da alƙalamin maka. Sati biyu na yi ina rarrafe a ƙarƙashin tebura, ina bin kowace waya daga kai zuwa kai, ina liƙa mata lamba a ƙarshen biyu, ina rubutawa a wani littafi mai bangon kwali, kafofin da babu kowa kuma ina toshe su da salatif. Baba yakan tsaya da tsintsiyarsa yana kallona. Ranar da na zo sallama, ya kira ni gefe ya buɗe aljihun rigarsa, ya zaro wata guntuwar waya shuɗiya da ya tsinta a bayan aji na biyu.

"Yaro, ga wannan. Ban jona ta ko'ina ba."