Zumar Baba ta Misfala

Yau bayan la'asar na leƙa shagon wani dattijo a unguwar Misfala ta Makka in sayo wa Inna zumar magarya, wadda Larabawa ke kira sidir, saboda tarin da ya hana ta barci kwana uku. Na hango sababbin kwalabe a kwali, na miƙa hannu, sai ya ce, "A'a 'yata, ba wannan ba. Jiya aka kawo min da sunan ta Hadramaut ɗin Yaman ce, na ɗanɗana na ji ruwan sukari aka ba ƙudan. Mayarwa zan yi." Ya shiga ciki ya fito da 'yar kwalba, ragowar wadda iyalinsa ke sha. Ya ce cokali ɗaya a ruwan ɗumi da lemun tsami, kar a lasa wa jaririn gidanmu tunda bai kai shekara ba, in kuma tarin ya ƙi lafawa in kai ta asibiti, kada in zauna jiran zuma.

Na yi tsaye riƙe da riyal ɗina. Wallahi da ya ba ni waccan ba zan taɓa ganewa ba, launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Tun muna yara Inna ke tsallake shagunan nan masu ƙyalli ta jawo mu wannan lungun, mu kuwa muna ta mita saboda zafin Makka. Har na isa gida ina tunanin ranar da Baba zai daina fitowa shago, ban san wurin wa zan je ba.