Godiya ga waɗanda suka riƙe ni har na haye IELTS

Assalamu alaikum, 'yan uwa na nan Jidda da na gida.

Shekaranjiya bayan magariba, ina ɗakin hutun ma'aikata ina shirin karɓar aikin dare, saƙo ya shigo wayata cewa sakamakon IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, ya fito. Na kasa buɗewa. Sai da abokiyar aikina 'yar Filifin ta fizge wayar ta karanto mini: sauraro 8, karatu 7.5, magana 7.5, rubutu 6.5. Da ta kai kan rubutun na ce ta maimaita. Ta maimaita, na yi sujada a wurin da rigar aikina. Alhamdulillahi.

Don waɗanda ba su san dalilin wannan ɗoki a kan 6.5 ba: hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, wato NMC, tana neman 7 a sauraro da karatu da magana, a rubutu kuma 6.5, kafin ta yi wa irina rajistar aiki a can. A zamana na farko na samu 6 a rubutu. Rabin maki ne ya cinye mini sama da riyal 1,000, ya mayar da ni baya wata biyar.

Laifina ne. Na shiga zaman farko da taƙama. Da Turanci na yi firamare a Kano, da shi na yi makarantar koyon jinya, da shi nake rubuta rahoton marasa lafiya kullum, to me wani zai koya mini? Ashe sanin Turanci daban, sanin abin da mai duba takarda yake nema daban. Bayan faɗuwar kuma ruɗewa ta kai ni hannun wani a WhatsApp da ya ce yana da tambayoyin da za su fito. Na tura masa riyal 300, ya turo mini tsofaffin takardun da ke watse a intanet kyauta, washegari ya toshe ni. Na faɗa ne don kada wata ta bi sawuna. Sunansa kuwa na bar shi da Allah.

Godiyata ta farko, bayan ta Ubangiji, ga Baba Malam take. Da yawanku a unguwarmu kun san shi, dattijon nan mai farin rawani da ke zama a ƙofar gidan ɗansa bayan la'asar. Bahaushen Maiurno ne, garin da ke bakin kogi kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, kuma yakan ce kakansa yana cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan mulkin mallaka a 1903. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a sakandaren Wad Madani, har yaƙin Sudan ya iso garin a Disamban 2023, ya baro littattafansa duka ya fito da jaka ɗaya. Maigidana ne ya ba shi labarina a masallaci. Ya ce in rubuta maƙala ɗaya in kawo.

Na zauna na zuba basira, na kai masa ina jiran yabo. Ya gyara tabarau, ya ɗauki jan biro, ya ja layi ɗaya tun daga kalmar farko har ƙarshen sakin layin farko, wajen kalma 70 da na ƙawata da manyan kalmomin da na haddace. Ya ɗago ya ce, "'Yata, an tambaye ki ko kin yarda gwamnati ta ƙara haraji a kan lemon kwalba. Ina amsar? Ke kin tsaya gaisuwa." Na ce, "Baba, ai shimfiɗa ce nake yi." Ya ce shimfiɗar fuska ce ta fi ta tabarma, amma Bature mai duba takarda 50 a rana ba ya son ko ɗaya, amsarsa yake nema a jimla ta biyu. Na yi dariya, da na koma gida kuma na yi kuka.

Daga ranar, duk Juma'a da Talata sai na kai masa rubutu. Shi ya fahimtar da ni cewa awa ɗayan nan ta rubutu ba a raba ta biyu daidai. Aiki na farko, na bayanin jadawali ko zane, kalma 150 ne, minti 20 ya ishe shi. Na biyu kalma 250 ne kuma makinsa ya ninka na farkon, don haka shi ke da minti 40. A zaman farko na ɓata fiye da rabin awa a kan jadawali, na rubuta maƙalar a guje ba ƙarshe. Baba yakan ajiye agogonsa a kan tabarma, minti 40 na cika ya karɓe takardar ko da ina tsakiyar kalma. Maƙala 34 ya duba mini, na ƙirga.

Har bakina bai bari ba. Ya ce mu Hausawa muna mayar da P ta zama F, Larabawan da nake aiki da su suna mayar da ita B, ni kuma na haɗa cutar biyu. Ya sa na riƙe takarda a gaban leɓena ina furtawa har sai iska ta kaɗa ta. Yarana suka mayar da abin wasa, ko'ina a gida ka ji ana fu-fu da takarda.

Maigida, Abban yara, ban san ta inda zan fara maka ba. Ka dawo daga aiki a gajiye ka zauna ka zama mai yi mini tambayoyi, ka ba ni minti ɗaya in shirya, minti biyu in yi ta zuba a kan wata kyauta da na taɓa samu ko wani wuri da na taɓa zuwa, kana danna agogon waya kana hamma. Gwajin maganar na gaske bai wuce minti 14 ba, amma kai ka sha shi wata huɗu. Ranar jarrabawa ma kai ka tuna mini fasfo muna bakin ƙofa. Allah ya bar mu tare.

Yaya, ke da kika kwashe yaran zuwa wurinki duk Asabar don in samu in yi cikakken gwaji na kusan awa uku ba mai ƙwanƙwasa ƙofa, Allah ya raya miki naki. Abokan aikina 'yan Kerala ta Indiya da suka yi ta musanya mini ranakun aiki, ba za su iya karanta wannan ba, na riga na kai musu dambun nama. 'Yan zaurenmu na WhatsApp da muka yi ta musu har ƙarfe ɗayan dare a kan tambayoyin nan na "gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba", ni dai har gobe ina ganin wanda ya ƙirƙiro su ba ya son zaman lafiya. Biyu daga cikinku za su zauna a wata mai zuwa, Allah ya ba ku fiye da abin da na samu.

Inna kuwa, daga Kano, ba ta taɓa iya faɗin sunan jarrabawar ba, "abin nan naki na Turawa" take cewa. Amma ta sa an yi sauka, kuma da ƙanena ya zo Umara da azumi ta ɗora masa saƙon addu'a a Harami. Inna, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Da saura a gaba. Sakamakon shekara 2 yake aiki, kuma akwai jarrabawar kwamfuta da ta gwajin aiki kafin a ba ni rajista, don haka kada ku janye addu'a. Littattafan Cambridge na shirin jarrabawar guda huɗu da na yi amfani da su suna nan, duk mai bukata a Jidda ya yi mini magana, sai dai ya yi haƙuri da rubutun fensir a ciki.

Jiya da la'asar muka je wurin Baba Malam da ambulan. Ko taɓa ta bai yi ba. Da maigida ya matsa, sai ya ce in dai lallai sai mun ba shi wani abu, jan bironsa ya ƙare a kaina, kuma akwai wasu yara biyu 'yan Madani da za su fara zuwa ranar Talata. Mun kai masa kwali guda da safen nan.