Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Kunne kafin kile

Makon jiya mun tsaya inda aka turo tsohuwar Honda CB 350 garajinmu a Tawa, mai silinda biyun nan da aka ƙera daga 1968 zuwa 1973. Demare, na'urar lantarkin da ke tada inji, ya ƙi tashe ta. Baba, Allah ya jiƙan rai, ya hana kowa taɓa ta. "Kunne kafin kile, yaro." Wato a saurara kafin a ɗauki kile, ƙarfen kwance ƙusa.

Ka danna maɓallin demare ka ji shiru, duba fizibil, ƴar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, da maɓallin kansa, ƙurar Adar ba ta barin komai. Ka ji "ƙat" kawai, auna batiri. Lafiyayye bolt 12,6 yake nunawa a zaune. In ya faɗi ƙasa da 10 lokacin dannawa, ya gaji. Kankare kawunansa da wayar da ke ɗaure jikin ƙarfen moto. In batiri lau, cire giya, haɗa manyan ƙusoshi biyu na rele, abin da ke sakar wa demare wutar batiri, da turnabis. Demare ya juya, cikin rele ya ƙone. Bai juya ba, galibi sharbo ne, ƴan gawayin da ke kai wuta cikin demare, suka cinye.

Ciwon waccan Honda daban ne. Demare na gudu "wiii", inji ko motsi. Wannan kukan ba na batiri ba ne, amma wani makaniken layinmu sai da ya sa mai ita ya sayi sabo, sannan ya hau rotor, ƙarfen maganaɗisun da ke juyawa yana samar da wuta, da guduma. Har yau abin na ci mini rai. Duka yana raunana maganaɗisun rotor, yana ɓata bakin bilbireke, babban sandar inji da rotor ke zaune a kanta. Da abin zaro shi ake zaro shi, a murɗa a hankali. Bayan shekaru na ga irin rotor ɗin a kasuwar Katako ta Yamai, duk tabon guduma, na ce a raina wani ma bai samu Baba ba.

A bayan rotor, gefen hagu, akwai ƴan gangunan ƙarfe 3, kowace da hularta da siririn resor, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke tura ta. Sarƙa ke kawo ƙarfi daga demare zuwa pinyo, faifan ƙarfe mai haƙora, gangunan su damƙe wuyan pinyon su ja inji. Resor ya saki ko ganga ta lotse, sai santsi. Shafa wuyan da farce: in ka ji kwari-kwari, canza pinyon, don sababbin ganguna ba za su daɗe a kansa ba. Gangunan kuwa duka 3 ake canzawa tare da resor ɗinsu. Ɗaure sukurori 3 da ke riƙe gidansu, sukan kwance. Kada a sa giris, ɗan man inji ya isa. Mai kauri ma yakan sa su zame da safiyar hunturu.

Kafin mu rufe, Baba ya sa ni juya pinyon da hannu: gefe ɗaya ya tafi sumul, ɗayan ya cije tsaf. Ya ce danna, kada ka wuce daƙiƙa 5. Ya sunkuya, kunnensa dab da inji.