Kafin ka sa sukudireba a kafireto

Ƙannena masu aikin lambu a istirahohin Riyad (gidajen shaƙatawa) da gonakin Kharj a Saudiyya, injin yankan ciyawa mai igiya bai cika mutuwa don tsufa ba. Yawanci mu ne ke kashe shi, kuma daga wurin haɗa mai ake farawa.

Ƙaramin injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam, a cikin fetur ake gauraya masa. Stihl da Husqvarna suna son kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5. Wasu masu arha sun fi haka shan mai, sai ka duba jikin tanki ko takardarsu. Ni a farkon zuwana da ido nake awo, kuma ragowar baƙin man motar kafili, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, nake tsiyayawa, wai ai mai mai ne. Injin ya yi ta hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, ni kuwa na rage man don hayaƙin ya ragu. Wata hantsi yana cikin gudu ya tsaya cak, igiyar tayarwa ta ƙi jawuwa. Da bakanike ya buɗe a Sana'iyya, unguwar makanikai, fistin duk ya karce. A albashina aka cire kuɗin. Sayi man da aka rubuta 2T, ka samu sirinji ko kwalba mai layin awo, kuma kada ka haɗa abin da zai wuce wata guda. Fetur, ko 91 ne ko 95, idan ya daɗe a jarka cikin zafin nan lalacewa yake, ya bar danƙo a kafireto.

In inji ya ƙi tashi, ko ya tashi amma da ka matsa masa wuta sai ya shaƙe, hannunka zai yi ta ƙaiƙayin murɗa ƙananan kusoshin nan na jikin kafireto masu alamar H da L. Daure. Na taɓa wuni ina murɗa su, ashe ragar da ke bakin salansa ce ta toshe da baƙin hayaƙi. Ciro ta kawai za a yi, a ƙona ta da wuta, a goge da burushin ƙarfe. Kuma wanda ya matse H fiye da kima ya rage wa injin fetur, ya rage masa mai ke nan, ƙarshenta dai Sana'iyya.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Matatar iska tukuna, domin ƙurar Najad, yankin nan namu, kan cika soson cikin 'yan kwanaki. Wanke shi da sabulu, ka bari ya bushe sarai. Sai fulogi: in ka same shi jiƙe da fetur, ka bar cok a rufe ne kana ta ja. Busar da shi, ka ja igiya sau da yawa ba fulogi, ka mayar, ka tayar da cok a buɗe. Sai 'yar robar da ake dannawa ta jawo fetur da siraran tiyo na cikin tanki, rana tana busar da su har su tsage.

Igiyar yankan ma bushewa take, shi ya sa take ta tsinkewa a bakin kan injin. Jiƙa ta a bokitin ruwa ta kwana. Murfin kariyar nan kuwa da samari ke cirewa wai don a yi sauri, shi ke ɗauke da 'yar wuƙar da ke datse igiya daidai tsawonta. Babu shi igiya ta yi tsawo, inji ya wahala, tsakuwa kuma ta nufi idonka.

Inji mai batir bai da wannan rigimar duka, zafi ne abokin gabarsa. Na rasa batir guda don na bar shi a bayan mota tsakar Yuli. In ya ɗauke kana cikin aiki, taɓa shi. In da zafi, kai shi inuwa ya huce kafin ka ɗora a caja, ka kuma warware ciyawar da ta naɗe wuyan kan injin, ka hure ramukan iskar injin. Dama daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, to ka shigo da batiran ɗaki tare da kai.