Wasiƙa daga Texas: Google da tallan bindiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya tare da iyali. Na rubuto ne kan wata muhawara da mutanen nan suka daɗe suna yi, wadda nake ganin ta shafe mu duk da nisan da ke tsakani.

A Amurka mallakar bindiga haƙƙi ne da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa tun gyaran da aka yi masa a 1791. Shagon bindiga na bakin titi da allonsa, ba a ɓoye yake ba. Ƙiyasin da cibiyar Small Arms Survey ta fitar a 2018 ya ce bindigogi miliyan 393 ne a hannun farar hula, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Duk da haka mai shago ba zai iya biyan Google ya tallata masa bindiga ko harsashi ba. A 2012, da kamfanin ya mayar da shafinsa na kwatanta farashi Google Shopping, ya sanar da masu sayar da makamai cewa ba su da rumfa a ciki. Nemi firji, za ka ga farashin shaguna a jere ka zaɓi mai sauƙi. Nemi bindiga, ba ka ganin ko ɗaya. Facebook ya hana cinikinta tsakanin mutum da mutum a 2016, YouTube kuma ya tsaurara ƙa'idojinsa a 2018, makonni kaɗan bayan an kashe mutum 17 a makarantar Parkland da ke Florida.

Ni dai ina goyon bayan hanin. A 2021 kaɗai mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar nan, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Talla ba ta jiran a neme ta. Har kan gado take bin mutum a wayarsa, ta riski wanda baƙin ciki ya rufe wa ido, ta riski yaro. Mu da muka ga abin da bindiga ta yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Maraɗi ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Amma masu shagunan ma suna da abin faɗa. Wanda ya sayi bindiga ta intanet daga shago mai lasisi ba gida ake kai masa ita ba. Wurin dila mai lasisin gwamnatin tarayya ake aika ta, ya je ya cika takarda, a binciki tarihinsa, sannan a miƙa masa. Suna cewa mai bin doka aka kora, alhali mai sayarwa a ɓoye dama can ba ya talla. Ciniki kuwa bai tsaya ba, ya koma shafuka irin su GunBroker.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba majalisa ce ta kafa wannan doka ba, ba kotu ba. Kamfani ne guda, wato Google, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na binciken intanet ke bi ta hannunsa, ya yanke abin da za a gani a kasuwa. A kan bindiga hukuncinsa ya yi mini daidai, amma babu wanda ya zaɓe shi, kuma ba kullum yake adalci ba. A 2017 Tarayyar Turai ta ci tararsa yuro biliyan 2.42 saboda ya fifita wannan shafin nasa na farashi a kan na abokan gasa. A 2024 alƙali Amit Mehta a Washinton ya yanke cewa ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba.

Ga 'yan'uwanmu mata can suna sayar da atamfa da turaren wuta ta Instagram da Facebook, dukan jarinsu ya rataya a kan ƙa'idar da aka rubuta a Kalifoniya. Ranar da na'ura ta rufe shafin ɗayansu, wurin wa za ta kai kuka? Hukumar FCCPC ta Najeriya, mai kare haƙƙin masu saye, ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, dala miliyan 220 a 2024, don haka ba ta rasa ƙarfi ba. Roƙona gare ta shi ne ta tilasta wa kamfanonin nan su rubuta ƙa'idojin tallansu da Hausa, su kuma ajiye mutum mai rai da zai saurari ɗan kasuwar da aka rufe wa shafi.

A gaida mutanen gida duka. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Houston