Kayan da za ka zuba a jaka in za ka Ingila tsakanin Satumba da Nuwamba

Yawancin masu tashi daga Kano ko Abuja zuwa Ingila a lokacin kaka, musamman ɗaliban da jami'a ke buɗe musu a ƙarshen Satumba, da hunturunmu suke auna sanyin can. To, ba ɗaya ba ne. Sanyin hunturu busasshe ne, ya kama da asuba, hantsi na yi ya saki. Na Ingila da danshi yake zuwa, ga iska, ga yayyafi da kan wuni yana sauka. A Landan Satumba da sauƙi, da rana akan samu digiri 19 ko 20. Oktoba kan sauko wajen 15 da rana, 8 ko 9 da dare. A Nuwamba da ƙyar rana ke wuce 12, dare kuwa wajen 5 ne. In Manchester za ka, ka ƙara tsammanin ruwa.

Kada ka dogara da ƙatuwar kwat guda ɗaya. Gidaje da shaguna da azuzuwa duk akwai hita, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ma zafi gare shi. Ka shiga da kwat mai kauri, ka yi gumi, ka fito iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki, a nan sanyin ke samun ka. Dabarar ita ce hawa uku, waɗanda za ka iya cirewa ɗaya bayan ɗaya.

Hawan farko shi ne wanda ke manne da fata, matsattsiyar riga mai dogon hannu da wandonta, na ulu marar kauri ko na zaren roba irin Heattech na kamfanin tufafi na Uniqlo. Singiletin auduga ba ta dace a nan ba, domin auduga tana shan gumi ta riƙe, ta yi sanyi a jikinka. Saiti 2 ko 3 sun isa. Hawa na biyu suwaita ce, guda 2, ɗaya ta zama mai zif a gaba don saurin buɗewa. Na uku jaket ce da ruwa ba ya ratsawa, mai hula a haɗe, tsawonta ya rufe ƙugu. Ita ce ta fi cancanta ka kashe wa kuɗi. Lema tana da amfani, amma ƙaramar nan mai naɗewa iska ɗaya ce ke birkice ta.

Ana samun suwaita da jaket masu kyau a wajen 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai. Kafin ka biya, ja zif ɗin sama da ƙasa, duba ɗinkin kafaɗa ta ciki, sannan ka ɗiga ruwa a kan yadin. In ya dunƙule ya gangara, to. In ya shige, bar ta. Gwada ta a kan suwaita, kada ta matse hammata. Wanda zai daɗe har Disamba, gara ya bar kwat ɗin tsananin sanyi sai ya isa, ya duba kantunan Primark ko Decathlon ko shagunan ƙungiyoyin agaji da ke sayar da kayan hannu.

Kayanmu na gida fa? Kada a bar su gaba ɗaya, akwai Juma'a, akwai taro. Kaftani 1 ko 2 na yadi marar saurin yamutsewa sun isa, a sa matsattsun kayan nan a ƙarƙashi. Shadda kuwa wahala ce: ba mai bugu, yayyafi kuma na taɓa ta sai sitacin ya saki. Mata su lura da tsawon abaya ko zani. Duk abin da ke sharar ƙasa zai sha ruwan titi, ya wuni yana sanyaya ƙafa, don haka a zaɓi wanda ya tsaya a idon sawu, da wando matsattse a ciki. Gyale mai santsi iska ce ke kwashe shi. Mayafi mai ɗan nauyi da fil, ko hijabi matsakaici da zai shiga cikin jaket, ya fi zama.

Ƙafa ce ke fara gaya maka an yi kuskure. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba, wanda ka riga ka saba da shi, domin tafiyar ƙasa ake yi sosai, ganyen da ke zuba a titi kuma santsi yake in ya jiƙe. Kambas ɗin yadi jiƙewa yake, ya kwana biyu bai bushe ba. Safa ƙafa 6 ko 7, wasu na ulu. Bayan alwala a goge ƙafa sarai kafin a mai da safa. Lambar takalmi 42 da muka sani ita ce 8 a ma'auninsu.

Shanya ma abin lura ce. Babu ranar da za ta busar da wanki, a ɗaki ake shanya, wandon jins na iya cin kwana biyu. Shi ya sa wando 3 ya fi 2. Kada a jefa suwaitar ulu a injin busarwa, tsukewa take.

Wajen awo, yawancin tikiti kilo 23 ne kowace jaka, amma karanta naka. Jaket da takalmi mafi nauyi a jikinka za su hau jirgi, suwaita ɗaya da safa su zauna a jakar hannu, ko da babbar jaka ta yi jinkirin isowa. Man kaɗanya ya shiga babbar jaka, za ka buƙace shi don hita na busar da fata. Kilishi da dambun nama kuwa kada a cusa su tsakanin kaya, doka ta hana shiga da nama Birtaniya daga Najeriya da Nijar.