Alƙalin da hukuncinsa ya rasa mai zartarwa

28 ga Mayu. Zafi ya hana fita, sai na wuni a ɗaki ina bin tarihin Walter Gresham, wanda ya rasu a rana mai kamar ta yau a 1895 yana sakataren harkokin wajen Amurka.

An haife shi a 1832 a jihar Indiana, ya fara aikin lauya a Corydon a 1854. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya shiga rundunar Arewa, ya jagoranci runduna ta 53 ta sojan ƙasa na Indiana, ya zama birgediya janar a 1863 bayan faɗuwar garin Vicksburg. A Yulin 1864, dab da Atlanta, harsashi ya farfasa masa ƙafa, da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa. Shugaba Grant ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya a 1869.

Shari'ar kamfanin jirgin ƙasa na Wabash ce ta fito da halinsa. A ƙa'ida, idan kamfani ya kasa biyan bashi, masu bin bashin ne ke kai ƙara, kotu ta naɗa amintacce ya riƙe dukiyar, ya tattara kuɗin shiga, ya biya kowa bisa matsayin bashinsa. Jay Gould, attajirin da ke juya kamfanin, ya juya abin. A 1884 kamfanin da kansa ya riga kowa zuwa kotu, aka naɗa mutanen Gould su riƙe. An ba kura ajiyar nama ke nan. A 1886 Gresham ya tsige su daga layukan da ke ƙarƙashin kotunsa, ya ɗora Thomas Cooley. Magana ta ƙare nan take, domin alƙali yana da jami'an da ke zartar masa, kuma wanda ya bijire zai kwana a kurkuku.

Da wannan tunanin ya shiga harkar jakadanci a 1893, bayan ya bar jam'iyyar Republican ya mara wa Grover Cleveland, wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa, baya kan rigimar harajin kwastan. Abin da ya tarar a tebur shi ne tsibiran Hawaii, da a lokacin ba sa cikin Amurka. Ranar 17 ga Janairu wasu 'yan kasuwa da masu gonakin rake, yawancinsu 'yan asalin Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, kwana ɗaya bayan jakadan Amurka John Stevens ya sa an sauke sojoji daga jirgin ruwan yaƙi Boston a Honolulu.

Gresham ya bi lamarin kamar ƙarar ƙwacen gona. Aka janye yarjejeniyar haɗe tsibiran da Amurka daga majalisar dattawa a watan Maris. Aka aika James Blount ya ji shaidu. Rahoto ya nuna da hannun jakadan, sai a Oktoba Gresham ya rubuta wa Cleveland cewa a mayar wa mai abu abinta. A takarda dai babu inda za ka kama shi.

Wajen zartarwa ne aka samu cikas. Sabon jakada Albert Willis ya je da sharaɗin sarauniya ta yafe wa waɗanda suka tumɓuke ta. A ganawar Nuwamba ta ƙi, tana cewa dokar ƙasarta ta tanadi hukunci ga masu cin amana. Sai ranar 18 ga Disamba ta amince, ranar da Cleveland ya miƙa maganar ga majalisa. Makonnin nan sun ishi gwamnatin riƙon ƙwarya ta shirya. Ranar 23 shugabanta Sanford Dole ya amsa cewa Amurka ba ta da hurumin shiga harkar cikin gidansu, alhali ita da kanta ta riga ta amince da gwamnatinsu. A ganina nan Gresham ya yi sakaci: ya yanke hukunci bai tambayi wa zai zartar ba. Sauran hanya ɗaya ce, a tura soja su harbi 'yan uwansu, majalisa kuwa ba za ta lamunta ba.

Ranar 4 ga Yulin 1894 Dole ya ayyana jamhuriya, gwamnatin Cleveland ta amince da ita. An haɗe Hawaii da Amurka a 1898, shekara uku bayan rasuwar Gresham.